Hope Downs: faifan garmaho, CD, ko saukewa a waya?

Wanda ya yi niyyar mallakar kundin farko na ƙungiyar Rolling Blackouts Coastal Fever ya fara tabbatar da abin da zai biya wa kuɗi. Waɗannan mawaƙa biyar na birnin Melbourne sun riga sun fitar da gajerun faya-fayai biyu, Talk Tight da The French Press, kafin Hope Downs ya fito a watan Yunin 2018. Shagunan intanet kan jera su wuri guda, mai gaggawa sai ya ɗauki ƙaramin yana zaton babban ne. Cikakken kundin waƙoƙi goma ne, kimanin minti 35, sunansa kuma na wata mahaƙar tama ce a yankin Pilbara na yammacin Ostiraliya.

Yanayin kiɗan shi ya kamata ya yanke maka hukunci. Mutum uku ne ke kaɗa jita, Fran Keaney da Joe White da Tom Russo, su ukun kuma suna karɓa-karɓar rera waƙa. Jita ɗaya na riƙe da gindin kiɗa, biyu na zagaye juna a kunnen hagu da na dama. A lasifikar waya duk wannan saƙar dunƙulewa take yi ta zama hayaniya guda, ka ce me ake ta yabo a nan.

Faifan garmaho shi ne abin kwaɗayi. Kamfanin Sub Pop na Seattle a Amurka ne ya fitar da kundin a duniya, Ivy League kuma a gida Ostiraliya. Sai dai kuɗin aiko da faifai guda kan kusa kamo kuɗin faifan kansa, wannan kafin a zo maganar kwastam. Ga zafi. Faifan roba ne, ka manta shi cikin mota a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, da yamma ka tarar ya lanƙwashe, allura na hawa tana sauka. Ƙurar hunturu kuwa tana shiga siraran layukansa, waƙa na tafiya kana jin ƙaras-ƙaras a ƙarƙashinta. In kana da na'urar da ɗaki mai sanyi inda za ka jera faifai a tsaye, bismillah. Amma kada bugu mai launi ya ruɗe ka, irin wanda Sub Pop ke kira Loser Edition: 'yan sari a Discogs, kasuwar faya-fayai ta intanet, kan tsawwala masa kuɗi, alhali launi bai ƙara wa sauti komai ba.

CD ya fi araha da sauƙin aikowa, sautinsa tas. Matsalarsa ɗaya, kwamfutocin yanzu yawanci ba su da wurin sa shi.

Spotify ya shigo Najeriya tun 2021, kuma nan ya dace ka fara ɗanɗanawa kafin ka fitar da ko sisi. Haya ce dai, ba mallaka ba. Ranar da biyan wata ya tsaya, waƙoƙin da ka ajiye don ji ba intanet su ma sun tsaya.

Ni zaɓina Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu. Ka biya sau ɗaya, ka sauke, ya zama naka, ka kwafa a memori ko filashi yadda ka ga dama. Kamfanin kan cire kashi 15 cikin ɗari, sauran, bayan an cire kuɗin hada-hadar biya, ya tafi ɓangaren mawaƙan da kamfaninsu. Za a tambaye ka FLAC, nau'in fayil da ba ya rage ingancin sauti, ko MP3. MP3 mafi inganci zai ci kimanin megabait 80, FLAC ya ninka haka fiye da sau biyu. Mai kyakkyawar iyafis ya ɗauki FLAC, wanda data ta yi wa tsada MP3 ya wadatar, tun da an yarda ka dawo ka sake saukewa daga baya ba tare da sabon biya ba. Abin da ka rage daga kuɗin garmaho ka zuba shi a iyafis. Kafin ka danna biya, duba ko katin bankinka na karɓar cinikin dala.