Iyo, keke da gudu bayan shekara 40: me za ka saya a Maraɗi, me za ka bari a kasuwa?

Tiriyatalon wasa ne guda mai zango uku a jere: a yi iyo, a fito a hau keke, a sauka a kama gudu, agogo kuma bai tsayawa ko lokacin da kake ɗaura takalmi. An fara shi a yadda aka san shi yau a San Diyego ta Amurka a 1974, ya shiga wasannin Olamfik a Sidni a 2000. Magidancin da ya haura 40, wanda rabon shi da gudu tun yana makaranta, in sha'awar abin ta kama shi, yawanci wurin masu kekuna yake fara nufa. A ganina keke shi ne na uku ko na huɗu a jerin abin da zai kashe wa kuɗi.

Zaɓin farko na nisa ne, kuma ba ya cin ko dala. Akwai gajere: iyo mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Akwai na Olamfik, wanda ya ninka wannan daidai: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10. Sai Ironman da aka fara a Hawayi a 1978, iyo kilomita 3.8, keke 180, gudu 42.2, wanda ba da kai ake ba a bana. Gajeren ma kada a raina shi, sabon shiga kan kwashe awa ɗaya da rabi zuwa biyu yana fama ba hutu. Ga kuma ƙanensa duwatalon, wanda babu ruwa a ciki: gudu kilomita 5, keke 20, a sake gudu 2.5. Ga mutumin Maraɗi da bai iya ruwa ba, duwatalon nake ba shawara a shekarar farko, ko da abokai biyar ne za su haɗu su auna hanya su gwada kansu.

Dalili kuwa ruwan ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2017 ya bi diddigin mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a gasar tiriyatalon tsakanin 1985 da 2016. Kashi biyu cikin uku a ruwa abin ya same su, kuma mafi yawansu maza ne masu matsakaicin shekaru. Saboda haka kuɗin farko na likita ne: a auna hawan jini, a auna suga, a ɗauki awon bugun zuciya. In kana jin nauyin ƙirji ko jiri in ka yi aikin ƙarfi, ko an taɓa mutuwar fuju'a a gidanku, faɗa wa likita kafin ya tambaya.

To ina za a koyi iyon? Gulbin Maraɗi na damina ne, in ya kawo yana da ƙarfi da laka, in rani ya yi sai yashi da lambuna. Tafkin Madarunfa na da ruwa, amma ruwan kwance a ƙasarmu gidan tsargiya ne, tsutsar tana shiga ta fata ko ba ka sha ba, kuma babu mai tsaye a gaɓa don ceto. Abin da ya rage shi ne wurin iyo na otal, a biya kuɗin shiga. Ya fi tsada, amma kana ganin ƙasan ruwan, kana iya kama gefe in numfashi ya ƙare. Ka auna tsawonsa: in mita 15 ne, sai ka tsallaka sau 50 kafin ka cika 750. In da wanda ya iya koyarwa, biya shi, domin shigar da fuska cikin ruwa a fitar da numfashi a ciki shi ne abin da ke gagarar babba, kuma ba a koyonsa a waya. Kayan iyo kuwa kaɗan ne: tabarau na ruwa da ya kama fuska ba tare da an ɗaure igiya tamau ba, da wando mai kama jiki har gwiwa. Hajiya za ta samu mai rufe jiki duka. Baƙar rigar roba da Turawa ke sawa ta sanyi ce, dokar gasa ma tana hana ta a gajeren zango in ɗumin ruwa ya wuce digiri 22. Bar ta.

Yanzu keke, inda gardama take. Iri uku za ka tarar.

Na farko shi ne keken da muka gada, Phoenix da 'yan uwansa, mai birkin ƙarfe da kariya a baya. Ba ya mutuwa, kowane mai gyara ya san cikinsa, kayansa na ko'ina. Amma nauyinsa ya kusa kilo 20, giyarsa ɗaya, kuma in iskar hunturu ta tare ka gaba da gaba, gwiwa ce za ta biya. In yana nan a zaure, fara da shi wata biyu ka gani ko sha'awar ta gaske ce. Kada dai ka sayi sabo saboda wannan.

Na biyu keken tsere ne mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, nauyinsa wajen kilo 10. A kan kwalta mai kyau babu kamarsa, kuma shi ke jan ido. Sai dai ka tuna inda kake. Daga ƙofar gida zuwa kwalta akwai yashi, siririyar taya kuma nutsewa take. Tsaida ɗaya ta isa ta sace iskar. Tayarsa lamba 700 ce, ba kowane shago ke ajiye ta ba, bawul ɗinsa siriri ne, famfon mai faci bai kama shi sai da ɗan ƙarfen haɗi. Ga zaman duƙe da yake sa mutum, wanda mai tumbi da ciwon baya ba zai jure minti 40 ba. Na kabon, wato wanda jikinsa ba ƙarfe ba ne, da ake kawowa gwanjo ya fi ba ni tsoro: tsagewarsa kan ɓoye ƙarƙashin fenti, kuma mai walda ba shi da abin yi a kai.

Na uku, wanda ni zan saya, keken hawan dutse ne na gwanjo mai taya 26, na kamfani sananne, wanda babu sifirin a bayansa. Yana shiga yashi, zamansa a miƙe, tayarsa da tub ɗinsa suna samuwa. In ka cire tayar mai ƙurji ka sa mai santsi, ka rage tazarar da ke tsakaninsa da na tsere. Ka guji sababbin masu ƙyalƙyali da sifirin gaba da baya da ake sayarwa da araha: nauyi ne kawai, sifirin na shanye ƙarfin da kake takawa, giyar kuma ba ta daɗewa. Ka je da mai gyaran unguwarku, ka ba shi na goro. Ya juya ƙafafun keken ya ga ko sun karkace, ya duba haƙoran giya ko sun yi tsini, ya bi walda yana neman tsaga. Kai kuma ka tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, in sandar ta taɓa ka ya yi maka girma, komai kyawun farashi. Tsayin sirdi: gwiwa ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa.

Hular kwano dole ce, a gasa ba a barin ka ko ciro keke sai ka ɗaure ta. Sayi sabuwa mai tambarin EN 1078 a ciki, shaidar ingancin hular keke ta Turai. Ta gwanjo ba ka san faɗuwar da ta sha ba, ta babur kuwa za ta dafa maka kai.

Takalmi ma ina karkata ga sabo. Soson da ke ƙasan takalmin gudu yana mutuwa bayan kilomita 500 zuwa 800, na gwanjo sau da yawa ya gama aikinsa kafin ya iso, ko da samansa na sheƙi. In aljihu ya ce gwanjo, danna soson da babban yatsa, ka dubi dunduniya ko ta cinye gefe guda. Gwada da yamma, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin yatsa ɗaya a gaba. Agogon zamani mai auna bugun zuciya na iya jira, wayarka tana auna nisa.

Sauran sha'anin lokaci ne. Ka ba kanka wata uku aƙalla, ka fara da tafiya da sassarfa, ka ɗora shirin a kan sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin a Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Fita bayan sallar asuba, kafin manyan motoci su cika hanyar Tibiri, da gora biyu ta ruwa, ɗaya da gishiri da sukari irin na ORS. Hanyoyin kudu wajen iyaka, tambayi halin tsaro tukuna, kuma kada ka tafi kai kaɗai. Sau ɗaya a mako, da ka sauka daga keke ka kama gudun minti 10 nan take. Ƙafafun za su yi kamar an ɗaura musu turmi, sai bayan kilomita ɗaya suke sakewa, kuma gara ka san wannan a bayan gidanku kafin ranar da mutane ke kallo.