Jirgin safe daga New York zuwa Landan

Duk mai zirga-zirga tsakanin Amurka da Ingila ya san wahalar jirgin dare. A tashi daga filin jirgin JFK na New York bayan magariba, a ba ka abinci, kafin ka gyara kwanciya an kunna fitilu wai an kusa filin jirgin Heathrow na Landan. Tafiyar awa bakwai ce kawai saboda iskar sama da ke tura jirgi gabas, ga tazarar awa biyar tsakanin agogon biranen biyu, sai ka sauka da sassafe kai na sarawa, ka wuni kana gyangyaɗi a gidan mutane.

Wannan karon na ɗauki na safe, ni da Hajiyarmu. Mun tashi wajen ƙarfe takwas, mun sauka Landan wajen takwas na dare agogon can. Wallahi ban taɓa isa Turai da sauƙin jiki irin haka ba. Muka ci tuwo a gidan yayata, muka kwanta lokacin da kowa ke kwanciya, gari na wayewa na tashi garau. Ranar ce dai ke gudu kamar ana korar ta: azahar da la'asar da magariba duk suka riske mu a sama, ɗaya na bin ɗaya. Irin wannan jirgi ba shi da yawa, don in ya sauka da dare yawancin jiragen da ke wucewa wasu ƙasashe sun riga sun tafi, shi kuma sau da yawa sai ya kwana a ƙasa, kamfani ba ya samun ko sisi da shi.

Amma fa raina ya ɓaci. Lokacin da na sayi tikiti babban jirgi ne mai hanya biyu, na biya ƙarin kuɗi na zaɓa wa Hajiya kujerar bakin hanya kusa da ni saboda ciwon gwiwa. Sai a filin jirgi muka tarar an canja shi da ƙarami mai hanya ɗaya, uku nan uku can. Aka jefa ta tsakiyar baƙi biyu, ni can baya kusa da bayi. Na yi magana, ma'aikaciyar ta ce jirgi ya cika. Wani bawan Allah ne ya tausaya ya yi musanya da ni.

Kuma da rana ba wanda ke barci. Kowa na son tashi, amalanken abinci ya tare hanyar ɗaya tilo, layin bayi ya kai tsakiyar jirgi. Hajiya ta daɗe a tsaye riƙe da bayan kujera, tana cewa "Kai ɗan nan, wannan jirgi ne ko motar haya?"

Lokacin tashin ya yi mini, zan sake nemansa. Kuɗin kujerar kuwa har yau ba a maido mini ba, na rubuta musu sun ce ana dubawa.