Sharhi: Wata 14 da Intanet ɗin Haɗin Gwiwa na Ƙaramin Gari

Wata 14 ke nan ina amfani da intanet ɗin haɗin gwiwa da jama'ar ƙaramin garin da nake zaune suka kafa, kuma da gangan na jinkirta rubuta wannan sharhi, domin abin da mutum ke faɗa a makon farko game da sabon abu yawanci ɗoki ne. Na bari sai da na ga halinsa da rani da damina, na kuma ga yadda ya kasance bayan ɗokin ya wuce, masu kula da shi sun fara gajiya.

Tsarin ba shi da wuyar bayani. An ɗora farantin karɓar saƙon tauraron ɗan'adam a kan rufin ɗakin karatu na gari, an ja waya daga gare shi zuwa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, a cikin ginin, daga nan aka kafa ƙananan na'urorin Wi-Fi a kan dogayen sanduna a wurare huɗu: harabar ɗakin karatun, kusa da makaranta, ƙofar ƙaramin asibiti, da dandalin tsakiyar gari. Wutar duka daga sola da batir take. Mai son shiga yana karɓar tikiti mai ɗauke da lamba daga hannun kwamitin da ke kula da shi, na yini ko na mako ko na wata, kuma daga kuɗin tikitin ake biyan kamfanin da ke ba da layin.

Kafin wannan, sabis ɗin waya muke dogaro da shi, wanda a gefen gari guda kawai yake kamawa sosai. Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, na shekarar 2023 sun nuna cewa kashi 81 cikin 100 na mazauna birane suna amfani da intanet, amma a karkara kashi 50 ne kacal, kuma dalilin a fili yake: kamfani ba ya son kafa turken sadarwa ko shimfiɗa waya mai nisan kilomitoci domin gidaje 'yan ɗaruruwa da ba za su mayar masa da kuɗinsa ba.

Abin da na fi shakka tun farko shi ne jinkiri, domin na taɓa amfani da intanet ta tauraron ɗan'adam irin ta da, wadda idan ka yi magana a kiran waya sai ka jira kafin abokin maganarka ya ji, har ku dinga katse juna. Waɗancan taurari suna nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, kuma dole saƙo ya hau ya sauka, amsarsa ma ta hau ta sauka, wato tafiyar sama da kilomita 140,000. Ko da gudun haske, wanda ke cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, wannan kusan rabin daƙiƙa ne kafin a ƙara wani jinkirin na na'urori. Layinmu kuwa yana aiki da taurarin da ke kewaye ƙasa a nisan 'yan ɗaruruwan kilomitoci, waɗanda kowanne ke gama zagaye cikin kimanin awa ɗaya da rabi, farantin yana sakin wannan yana kama wancan ba tare da mai amfani ya sani ba. A aikace, hirar bidiyo tana tafiya kamar mutumin yana zaune a gabanka. A wannan fanni ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Da safe, daga fitowar rana zuwa wajen azahar, sabis ɗin ya fi duk wanda na taɓa amfani da shi. Aikina ya ƙunshi aika manyan takardu da halartar taro ta bidiyo sau biyu ko uku a mako, kuma a waɗannan sa'o'i ban taɓa neman uzuri saboda rashin gudun layi ba. Ma'aikaciyar asibiti, wadda da can sai ta yi tafiyar yini kafin ta miƙa rahoton wata, yanzu a zaune take aikawa. Malaman makaranta suna sauke darussa, ɗalibai suna cike takardun neman gurbin karatu da duba sakamakon jarrabawa, manoma suna duba hasashen yanayi kafin su yanke shawarar shuka.

Sai dai abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, waɗanda suka fi cin moriyarsa ba su ne aka yi tsammani ba. An kafa shi ana maganar ɗalibai da ma'aikata, sai ga shi tsofaffi da marasa karatu sun rungume shi ta hanyar saƙon murya da kiran bidiyo na WhatsApp, inda ba a buƙatar rubuta ko harafi ɗaya. Wata rana ina zaune a harabar ɗakin karatu, wata dattijuwa ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ɗana, duba mini, yaron nan ya ce in taɓa hoton kyamarar, amma ni ban ga kyamara ba." Na nuna mata alamar, na ce, "Ga ta nan, Inna, ki taɓa sau ɗaya kawai." Da fuskar ɗanta ta bayyana, sai ta fara gyara mayafinta kamar wadda baƙo ya shigo wa, sannan ta ɗaga wayar ta kai kunne kamar yadda ta saba, har shi yana kiranta yana cewa kunnenta kawai yake gani. Bayan mako biyu na same ta a wuri guda tana koya wa wata ƙawarta yadda ake riƙe wayar nesa da fuska.

Matsalar tana farawa ne da yamma, kuma a kanta zan ɗan tsaya, domin ita ce ta koya mini abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci game da irin wannan sabis. Layi ɗaya ne ake rabawa. Idan aka ƙaddara yana kawo megabit 100 a daƙiƙa, mutum 10 ne a kai, kowa zai wadata. Idan suka zama 80, abin da zai kai ga kowa bai wuce megabit ɗaya da 'yan kai ba, wannan ma idan rabon ya yi daidai, kuma ba ya yin daidai da kansa. Wayar da ta fi kusa da sanda, ko wadda ke sauke babban fayil, ita ke kwashe kaso mai tsoka. A watanni ukun farko, daga faɗuwar rana zuwa wajen ƙarfe 10 na dare, ko saƙon rubutu sai ya yi ta juyawa kafin ya tafi. Jama'a suka fara zargin kamfanin da ha'inci, wasu suka ce kwamiti ne ya rage abin da yake biya.

Da wani matashi mai ɗan sanin kwamfuta ya buɗe rautar ya duba, sai aka ga abin da ba wanda ya zata. Masu kallon bidiyo suna da nasu laifin, tunda awa ɗaya ta bidiyo mai tsananin kyau tana iya cin gigabait 3, alhali mai matsakaicin kyau ba ta wuce ɗaya ba. Amma wani babban kaso yana tafiya ne ba da sanin kowa ba. An saita yawancin wayoyin zamani su jira Wi-Fi kafin su sabunta manhajojinsu ko su kwafe hotuna zuwa ma'ajiyar intanet, saboda suna ɗauka cewa Wi-Fi ba shi da iyaka. Don haka da zarar mutum ya iso dandali, wayar da ke aljihunsa sai ta fara aikin da ta tara na mako guda, shi kuwa yana tsaye yana ƙorafin cewa ba sabis.

Gyaran bai ci ko sabuwar na'ura ɗaya ba. An sa wa kowane tikiti iyakar gudu, wadda ta ishi kiran bidiyo da karatu amma ba ta ishi kwasar ganima ba, an ware wa asibiti da makaranta nasu kason da ba a taɓawa, aka kuma zauna da mutane ɗaya bayan ɗaya ana nuna musu yadda za su gaya wa wayarsu cewa wannan layin mai awo ne. An kuma gano cewa sanduna biyu suna kan tasha ɗaya suna danne juna, domin a zangon Wi-Fi na gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa shiga hurumin juna, wato 1 da 6 da 11. Bayan wannan, yamma ta zama abin da za a iya jurewa. Ba ta kai safiya ba, kuma ban ga alamar za ta kai ba, amma saƙo yana tafiya, kira yana shiga.

Ruwan sama bai dame ni yadda na zata ba. Yayyafi ba ya hana komai. Idan hadari ya haɗu aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, sabis yakan ɗauke na 'yan mintuna, domin ɗigon ruwa yana shanye irin zangon da waɗannan taurari ke aiki da shi, sannan ya dawo da kansa. Wuta ce ta fi ba da wahala. Faranti irin wannan yana jan wat 50 zuwa 100 dare da rana, kuma ko an ɗauki 75, lissafin yini ya kai kilowat-awa 1.8 kafin a haɗa rauta da sanduna. Wanda ya sayar wa kwamiti batir bai yi wannan lissafin da kyau ba, don haka idan aka jera kwana biyu ana lumshi, da tsakar dare komai ke mutuwa. Na rasa wani taro mai muhimmanci a irin wannan safiya, kuma har yau ban daina jin haushin cewa an kashe kuɗi a kan abin da ake gani a rufi, aka yi rowa a kan abin da ke ɓoye a lungu ba.

Wani ƙari da nake yaba wa shi ne ƙaramar kwamfutar da aka ajiye a ɗakin karatu ɗauke da manhajar Kiwix, wadda ke ba da damar karanta Wikipedia da wasu littattafai ba tare da intanet ba. Ɗalibai suna shiga ta Wi-Fi ɗin nan dai, amma ba sa taɓa layin waje, kuma tana aiki ko da hadari ya rufe sama. Kaɗan ne suka san da ita, wanda laifin rashin sanarwa ne.

Inda nake ganin sabis ɗin ya gaza ƙwarai shi ne wajen kare sababbin shiga. An ba mutane ƙofa, ba a gaya musu abin da ke bayanta ba. A cikin watannin nan an karɓe wa mutane da dama shafukansu na sada zumunta, duk ta hanya guda: wani ya kira da murya mai ladabi ya ce an tura musu lamba bisa kuskure, su taimaka su karanto masa. Saƙonnin ƙarya game da magunguna da tallafin da babu shi suna zagaye gari cikin awa guda, kuma sun fi karɓuwa domin daga wayar maƙwabci suke fitowa. Zaman wayar da kai na rabin awa ga duk mai karɓar tikitin farko, a nuna masa yadda ake kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin makulli a kan shafinsa, da ya rage wannan sosai. Na kai wannan shawara gaban kwamiti sau biyu, an karɓa, ba a aiwatar ba.

Ba na zargin su da sakaci, domin a gaskiya kwamitin mutum biyar a takarda mutum ɗaya ne a aikace, wato matashin nan da ya buɗe rauta. Shi ke hawa rufi, shi ke buga tikiti, shi ake tasa da dare. Da ya yi tafiyar kwana tara, wata sanda ta ɗauke a rana ta biyu, ta zauna haka har ya dawo, ashe filogi ne kawai ya saki. Al'ummomin da suka daɗe a wannan harka ba faranti ko waya ce ta riƙe su ba. Guifi.net, da aka fara a 2004 a ƙauyen Gurb na yankin Kataloniya a Sifen, ta kai dubban gidaje ne bisa rubutacciyar yarjejeniya da ke fayyace haƙƙin kowa da nauyin da ke kansa. B4RN ta karkarar Lancashire a Ingila, wadda aka kafa a 2011, manoma da 'yan sa-kai ne suka haƙa ramukan wayarta a gonakinsu, amma tana da ma'aikata masu albashi da ke kula da ita. Zenzeleni ta Mankosi a Afirka ta Kudu ƙungiyar haɗin kai ce mai rajista, ta kuma horar da 'yan garin su riƙe gyara da kansu. Mu har yanzu a kan kirkin mutum guda muke tafiya.

Ga wanda garinsu ke tunanin kafa irin wannan, amsata ita ce su kafa, domin ko da lahaninsa na sabunta tikitina na wata sau 14 ban taɓa tunanin dainawa ba. Amma su ninka batirin da aka ce ya ishe su, su sa iyakar gudu tun ranar farko kafin mutane su saba da rashinta, su kuma ware wani abu daga kuɗin tikiti domin biyan aƙalla mutum biyu da za su iya gyara. A namu garin an amince da wannan na ƙarshe a taron watan jiya, kuma wata ɗaliba da ta gama sakandare ta fara bin matashin tana koyo. Ranar Asabar na hango ta a kan tsani tana ɗaure wayar sandar makaranta, shi yana ƙasa yana riƙe mata.