GARGAƊI: mai gyaran kyamara ya ci min dubu 70 a Legas, ya kuma canza min lensi

Jama'a wallahi kwana uku kenan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma dai gwara in faɗa kar wani ya faɗa irin ramin da na faɗa. Dubu 70. Dubu saba'in cas, a wannan marrar.

Kyamarar ta marigayi Baba ce, Canon AE-1, irin wadda aka fara fitarwa a 1976, da ita yake ɗaukar hoton biki da suna a Agege tun ba a haife ni ba. Na cirota daga akwati bayan Sallah ina son in sa fim, na danna shota, wato maɓallin ɗaukar hoto, shiru, hannun da ake ja a matsar da fim ya ƙame ba gaba ba baya. Kun san laimar Legas, komai ka ajiye sai ya yi funfuna, sai na ɗauka ta lalace ne a ciki.

A Facebook na ga mutumin. Kuma kar wani ya ce min na yi sakaci, na duba shafinsa, hotunan kyamarori a buɗe, ƙananan sukundireba a jere, mutane suna yabo a ƙasa. Na tambaye shi shago yace ana gyaran ginin, mu haɗu Ikeja ƙarƙashin gada. Na hau danfo na je. Hausa yake min tsantsa. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya kara ta a kunne ya ɗan girgiza, sannan ya kalle ni yace "Malam wannan ta Baba ce ko? Allah ya jiƙansa, amana ce wannan." Amana fa yace! Ni ban ma gaya masa Baba ya rasu ba, ko na gaya masa a waya ne na manta, oho, amma a nan ya gama da ni. Ya kara ta a kunne kaman likita. Har la'asar muka yi tare, sahu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. To wa zai yi zargi?

Yace labulen shota ne, wanda ke buɗewa haske ya shiga kan fim, ya yage, sai an yi oda daga Japan, dubu 35. Na tura. A'a, kafin nan ma na ba shi dubu 20 a hannu kuɗin aiki, tun a ƙarƙashin gadar, wannan ita ce ba ni da shedarta. Bayan sati uku sai ga saƙon murya wai kaya sun iso amma an riƙe a filin jirgi, sai an biya dubu 15. Na tura ita ma. 20, 35, 15. Ku lissafa da kanku.

Wata biyu ina bin sa, yau gosulo, gobe ruwa ya cika hanya, jibi wai ya je Ibadan. Ƙarshe wani yaro ya aiko min da ita a leda baƙa a Oshodi, na danna, shiru kaman yadda na ba shi. Na kira, ya toshe ni.

Abin da ya fi ƙona min rai shine abin da ya biyo baya. Akwai wani dattijo abokin Baba, tsohon mai hoto ne a unguwarmu, tun farko shi ya kamata in fara zuwa wajensa amma na raina, wai na fi son ƙwararre. Na kai masa, ya buɗe murfin batir da ke gaba gefen lensi, ya kalle ni yace "Ɗana, yaushe rabon da a sa mata batir?" Ashe AE-1 in ba batir shota ba ya tashi sam, maganaɗisu ne na lantarki ke sakinsa, ba kaman kyamarar Pentax K1000 ba da ke aiki ko ba batir. Ya aika aka nemo batir 4LR44 mai bolt 6, ya kwance farantin ƙasa ya goge fuskar maganaɗisun da ɗan sifirit, ya danna sai ji na yi ƙyas. Ya buɗe bayanta ya nuna min labulen a haske, lafiyarsa lau, ko huda babu. Ba wanda ya taɓa shi. Dubu 35 na labulen da bai yage ba.

Sai dattijon ya juya lensin yace "wannan ba na mahaifinka ba ne." Na Baba 50mm ne mai tsabta, akwai ɗan kurji a bakin zoben inda ya taɓa faɗuwa, wannan kuwa cikinsa duk funfuna kaman saƙar gizo. Ya canza. Mutumin da yace amana.

Sikirinshot na tiransifa biyu da saƙon muryar duk suna nan, zan ɗora da daddare in na rufe sunana da lambar asusuna. Na ga ma mutumin ya canza sunan shafin amma hotunan su ne.

Ku fara gwada sabon batir. Ku ɗauki hoton lambar da ke jikin kyamara da ta lensi kafin ku ba kowa. Wanda ba shi da shago kar ku ba shi ko sisi.

Har yanzu matata ba ta san dubu 70 ba ne, ce mata na yi 20.