Ta hanyar Fiziks ko ta Lissafi: wacce za ka bi?

Ɗalibai sun ishe ni da tambaya: in ana so a gane yadda ragar jijiyoyin kwamfuta, wato manhajar da take kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, take koyo, ta ina za a ɓullo?

Masu fiziks suna kallon ragar kamar tarin ƙananan maganaɗisu masu jan juna, koyo kuma gangarowa ce zuwa inda kuzari ya fi ƙaranci. John Hopfield ya share wannan fage a 1982, ya raba kyautar Nobel da Geoffrey Hinton a 2024. Daɗin hanyar fiziks, tana ba da adadi ƙiri-ƙiri: a 1985 aka lissafo cewa ragar Hopfield mai jijiya 1,000 tana riƙe siffofi kusan 138, in an zarce haka sai ta rikice. Sai dai fa dabarar da aka bi a wannan lissafi, ta kwafi-kwafi (wato a yi lissafi da kwafin tsarin masu yawa a lokaci guda), wadda ta ɗaukaka masanin fiziks Giorgio Parisi, tana tsallake matakan hujja. Sai a 2006 masanin lissafi Michel Talagrand ya tabbatar da sakamakon Parisi. Kuma hanyar fiziks tana ɗaukar bayanai a matsayin na kara-zube, alhali hotuna da zance ba haka suke ba.

Hanyar lissafi kuwa, wato ta masana Vapnik da Chervonenkis ta 1971, hujjarta ba ta girgiza, ko wane irin bayanai aka kawo. Illarta, mafi munin hali take aunawa. Shi ya sa take hasashen manyan raga za su yi hadda kawai, ga shi kuwa suna gane abin da ba su taɓa gani ba.

Wahala kam, kowacce da tata, ko da yake ni ta fiziks ta fi ba ni ciwon kai.

Mai son ya hango abin da aka saba gani a gwaji, fiziks ta fi masa. Mai neman tabbacin da ba a jayayya da shi, ya riƙe lissafi.