Gidan kallon da ke nuna hokin ƙanƙara a Jos

A unguwarmu, wajen titin Bauchi, akwai gidan kallon ƙwallo da mai shi ya ware talabijin ɗaya don hokin ƙanƙara (wasan da ake bugawa da sanda ana sulɓi a kan ƙanƙara) na gasar NHL ta Amurka da Kanada. Na zama ɗan gida a wurin, kuma ina so mutane su san da shi.

Hoton allon ne ya fara saye ni. Abin da ake bugawa ɗan faifan roba ne baƙi, bai cika tafin hannu ba, in hoto ya yi dishi-dishi sai dai kawai ka ga gola ya zube. A nan tar kake ganinsa. Janareta na can nesa, har kartar takalma a kan ƙanƙara kana ji. Mai gidan kuma ba ya ƙosawa da tambaya, shi ya bayyana mini tsarin wasan: mutum 6 kowane ɓangare har da gola, zango 3 na minti 20, ana canjin 'yan wasa wasa na gudana.

Shi ya ce mini, “Malam, ka san haifaffen Zariya ya buga gasar nan?” Rumun Ndur ke nan, an haife shi a 1975, ya tashi a Kanada, ya buga wa ƙungiyar Buffalo Sabres. Jarome Iginla ma, ɗan wasan da ya zura 625 a raga a gasar, mahaifinsa ɗan Najeriya ne. Wallahi na ji daɗin wannan har raina.

Damuwar ita ce lokaci. Wasan ƙarfe 7 na yamma a Toronto ƙarfe 1 na dare ne a nan cikin hunturu. Ga sanyin Jos, ga bencin katako, mai shayi ya daɗe da tashi. Wa zai bar yaro ya fito? Gasar ta kai wasanni Shanghai a 2017, Melbourne da Stockholm a 2023, amma masu kallo a Afirka sai an ba su wasa a lokacin da idonsu biyu. 'Yan Kenya sun samu filin ƙanƙara a otal ɗin Panari na Nairobi, har sun kafa ƙungiya. Mu kuwa yaran da ke tsere da takalmin taya a bakin kwalta ba su ma san da wasan ba.

Inda nake ƙorafi da mai gidan: in Firimiya ta zo daidai, take yake juya tasha. Mai son zuwa ya tambaye shi wasannin Asabar da Lahadi da ake farawa da rana a Amurka, su kan faɗo nan bayan magariba. A zo da rigar sanyi.