Ofishin lauyar da ta riƙe shari'ar ƙanena bayan ya karya sharuɗɗan ɗaurin talala

Na rubuta wannan bayani ne a kan aikin da wata lauya mai ofis a Wudil ta yi mana, saboda na san akwai gidaje da dama a karkararmu da ke ɗaukar ɗaurin talala a matsayin sallama, kamar yadda mu ma muka ɗauka. Kotun majistare ta samu ƙanena da laifin raunata wani a rigimar iyakar gona, ta sake shi bisa sharaɗin ya riƙa bayyana gaban jami'in da ke sa ido a kansa duk wata, kuma kada ya bar jiha sai da izini. Mahaifinmu ne ya tsaya masa. Da aka gama kaka aka shigar da gero rumbu, sai ya bi abokansa cin rani Fatakwal, ya tsallake wata biyu, kotu kuma ta ba da umarnin a kamo shi.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda lauyar ta zaunar da mahaifinmu ta yi masa bayani da Hausa tsantsa. Ta ce masa, "Baba, hukuncin ɗanka an jingine shi ne kawai, ranar da ya saɓa sharaɗi kotu tana da ikon ɗauko laifin farko ta yanke masa hukuncinsa, kai ma kuɗin da ka sa hannu a kai suna iya salwanta." Ta nuna mana cewa dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta yarda a sa wa mutum irin waɗannan sharuɗɗa har tsawon shekara 3, Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019, kuma a shekarar ne aka kafa sashen hukuncin da ba na tsarewa ba a Hukumar Gyaran Hali. Tsohon ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya daɗe bai ce uffan ba.

Shawararta ce ta cece mu: a kira yaron ya dawo, ya kai kansa kotu tun kafin 'yan sanda su cim masa, a kuma zo da shaidar cewa neman abinci ne ya fitar da shi. Ta sa muka karɓo takarda daga mai unguwa da rasitan kuɗin da yake turo wa mahaifiyarmu. Alƙali ya ja masa kunne sosai, ya mayar da bayyanarsa duk mako biyu, amma bai tura shi gidan gyaran hali ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne batun kuɗi da waya. Ba a faɗa mana jimillar kuɗin aiki tun farko ba, duk ɗage zama sai akawun ofis ya nemi kuɗin mota, har sai da muka sayar da akuya biyu. Sau ɗaya kuma muka yi sammako daga ƙauye a kan babur, muka tarar an ɗage zaman ba wanda ya sanar da mu. Duk da haka zan tura ɗan'uwa wurinta, amma ya nemi a rubuta masa kuɗin aikin gaba ɗaya a takarda kafin ya biya ko sisi.